Hoton da Ke Tsayawa

Litinin, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ma ya tsaya. Abdoulrazak surukinmu ya kira daga Gaya, Gwaggo Hadijatu ta riƙe salula da hannu biyu, huskar matarshi ta hito, ta buɗe baki za ta gaishe ta, sai hoto ya ƙame. Wani ɗan zobe ya hau juyawa bisa goshin yarinya, shina juyawa, shina juyawa, har Gwaggo ta fara yi mishi tohi. Daga nan kira ya yanke.

Ni ina bakin ƙofa ina tsintar shinkafa. Ban matso ba. Ina ni ina matsowa? Ni na haihe ta, amma ɗiyar fari ce. Tun da anka yaye ta Gwaggo, yayar mai gida, ta ɗauke ta. Ita take ce ma Inna, ni kuwa Yaya. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa tambayar lahiyarta gaban mutane ba. Haka ake yi, haka na tarar. Ɗiyar Gwaggo ce.

An sallamo ta daga likita can Yamai, ta koma gidan mijinta. Kowa cikin gidanga cewa yake alhamdu lillahi, an sallame ta. To, alhamdu lillahi.

Kadarkon iyaka da ke tsakaninmu da Gaya a ruhe yake tun ƙarshen wancan wata. Gayar da muke zuwa mu dawo kamin azahar ta koma sai ta salula. Abu ɗaya nike so, in ga huskar nan sarai tana motsi tana magana, ko ta wutsiyar ido ne. Wanga wifi na banza ya hana ni.

Talata, 15 ga Agusta, da hantsi

Na tare Bushira kamin ta hita shago. Ɗiyata ce, ƙanwar yarinyar, ita ta kawo muna akwatin wifi bara da ta samu aikin tura kuɗi ta salula a bakin kasuwa. Na ce ta duba abin nan nata, ya ishe ni.

"Mama, yaushe kinka fara damuwa da wifi? Ke da ko saƙo ba ki buɗewa?"

Na ce Gwaggo ce ke ba ni tausai. Ta dube ni, ta yi murmushin nan nata mai ban haushi, ta ce ina akwatin.

Ina kuwa zai kasance? Cikin kabad, tsakiyar jeren kwanonina, na lulluɓe shi da ɗan ƙyallen saƙa don ƙura. Bushira ta sa hannu ta janye da sauri.

"La ilaha! Mama, dafa shi kike yi? Ƙarhe hagu, ƙarhe dama, bango baya, ga mayahi kin yafa mishi kamar amarya. Ta ina rezo za shi shiga?"

Na ce abu mai tsada ba a yasar da shi a hili. Ta ce wanga dai hili yake so, da iska, da tsawo. Ta buga katako sama kusa da tagar zaure, wadda ke kallon dogon ƙarhen rezo, mai kawo sadarwar salula, na hanyar Kandi, ta ɗora shi can tsirara. 'Yan hitilunshi sunka ƙaru. Na yi ta shiga zaure ina duba su har girki ya kusa kamawa.

Laraba, 16 ga Agusta, magariba

Ba su kira ba.

Alhamis, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Sun kira. Da fari ya yi kyau. Na ji ta sarai ta ce, "Inna, ina Yaya?" Gwaggo ta ce ina aiki. Aikin mi? Tsintsiya ce a hannuna, tsakar gida kuwa sau biyu na share ta. Sai zoben nan ya dawo.

Na ɗauki ruwan wanke-wanke na hita in zubar don kada a ga idona. Mi zan gani! Direbobin manyan motocin da sunka maƙale a layi tun da anka ruhe kadarko, ga su jere jikin bangonmu ƙarƙashin dogon yaro, kowa ya duƙar da kai bisa salula. Wani na kallon ƙwallo, wani na dariya shi kaɗai. Wani dattijo cikinsu, Issufu suke ce mishi, ya ɗaga hannu ya gaishe ni ya ce, "Fofo, Hajiya. Wifi naku yau ya yi ƙarhi, Allah shi saka."

Ashe su na gyara ma! Na kai akwati bakin taga na miƙa musu. Wallahi kaɗan ya rage in watsa musu ruwan nan.

Juma'a, 18 ga Agusta, bayan an taso masallaci

Mai gida ne ya ba su kodi, lambar shiga wifi. Wai wani ɗan Dosso ya roƙe shi zai kira iyalinshi. Kodin kuwa lambar salularshi ce, wadda ke rubuce da jan fenti a ƙofar mangazar shinkafarshi. Makaho ne kaɗai bai san ta ba a Malanville.

Na ce a canza. Ya aje cokali.

"Zalika, mutanen nan ƙarƙashin mota suke kwana. Baƙi ne. In sun roƙe ki ruwa hana su za ki yi? Balle abin da ko ganin hitarshi ba ki yi."

Na ce forfe, kuɗin wifi da ake sawa, ke ƙarewa da wuri.

"Ni ke saye."

Na ce hayaniya ta yi yawa bakin ƙofa.

Ya dube ni ya daɗe. Ya san dalili, na san ya sani. Shi ma tashi ta fari ce, shi ma in an kira sai ya tuna da alwala. Da ya ce "don yarinyar ne?" da na fashe. Bai ce ba. Ya ce in kawo mishi ruwan wanke hannu, na kawo.

Asabar, 19 ga Agusta, da rana

Bushira ta nuna mini cikin salularta duk waɗanda ke shan wifi namu. Sunaye sun cika allo, tana ja suna ƙara hitowa. Ta ce kamar famfo ɗaya ne unguwa duk ta tara bokiti, mai gidan sai ɗigo. Ta ce abin da ya hi muni, makullin akwatin kanshi har yau wanda ya zo da shi daga kanti ne, duk mai wayo na iya shiga shi juya shi yadda ya so, har mu shi kore mu.

Na ce to ta kore su. Ta ce, "Baba fa?"

Baba, Baba. Haushi nike ji, haushin kowa. Har kajin gidanga haushinsu nike ji.

Lahadi, 20 ga Agusta, da marece

Ruwa tun sahe, kuran ya ɗauke, ba lantarki, akwati ya mutu. Da anka tsagaita na ce za ni sayen kihi. Na tsaya bakin gulbi ina kallon jirage na ƙetarawa da mutane da buhuna da babura. Ruwa ya cika, ja wur, shina gudu. Wata mata da goyo ta shiga tana salati da ƙarhi. Na tsaya har sunka zama ɗan ɗigo.

Na dawo ba kihi. Gwaggo ba ta tambaya ba.

Talata, 22 ga Agusta, da hantsi

Mai gida ya tahi Garou wajen masu shinkafa, sai jibi. Ƙarar baburinshi na ɓacewa na ce ma Bushira yau ba shago sai ta yi mini aikina. Ta yi ta ƙunƙuni, amma ta zamna. Ta canza makullin akwati, ta sa sabon kodi mai tsawo, harufa da lambobi a cakuɗe, ba suna ba lambar kowa. Ta ɓoye sunan wifi ma, wai mai wucewa ko ganinshi ba zai yi ba. Salula uku kawai ta bari, tata, ta Gwaggo, ta babanta.

Na leƙa ta taga. Ɗaya cikin direbobi ya ɗaga salula sama, ya girgiza ta. Wani ya matso jikin bango. Sannu sannu sunka naɗe tabarmi sunka watse. Dattijo Issufu ya hango ni, ya ɗaga hannu kamar kullum.

Da zagina ya yi da ya hi mini sauƙi.

Laraba, 23 ga Agusta, da sahe

Na'inna ta shigo. Bango ɗaya ya raba mu, ita ta yi mini wankan jego duk haihuwata, ɗanta na Libiya, ta wifi namu take jin muryarshi.

"Zalika, abin naku ya lalace ne?"

Na ce ya lalace.

Ta ɗaga kai ta dubi akwati bisa taga, hitilu kore shar suna ƙyaftawa. Ta gyara mayahi ta ce, "Allah shi gyara." Ko zama ba ta yi ba.

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Amma la'asar na zuwa, yau zan gani.

Laraba, bayan la'asar

Ba su kira ba. Na kori unguwa duka, ba su kira ba.

Alhamis, 24 ga Agusta, magariba

Sun kira. Murya tas, kamar tana cikin ɗakin. Hoto ya hito garau, na ga ɗankwali an ja shi har bisa gira, na ga ƙashin kumatu. Iyakar abin da na gani ke nan, allo ya yi baƙi. Magana na tahiya, hoto babu. Abdoulrazak ya ce rezo ne.

Na ce ma Bushira wani ya sake sace kodi. Ta duba, mu uku ne. Ta gwada gudun abin, ta ce tashi yake kamar tsuntsu. Ta kira ƙawarta a Kotonu, munka ga yarinya har da ƙurjin goshinta.

"Mama, ba daga nan ba ne."

Na ce ta sake canza kodi. Ta ce na fara zautuwa. Na ce ta canza, uwarta ce ni. Ta canza.

Mai gida ya dawo ya tarar da gindin dogon yaro wayam. Bai ci tuwo ba. Abin da ya ce kawai, "Kin kori baƙi daga inuwata."

Asabar, 26 ga Agusta, da rana

Allo baƙi. Murya kawai, ita ma gajera. Tana yi tana hutawa.

Lahadi, 27 ga Agusta, da hantsi

Bushira ta gaji da gidan da ba mai yi ma wani magana. Ta ce akwatin na iya buɗe ƙofa biyu, ta gida daban, ta baƙi daban, ta baƙi a rage mata gudu, kuma a ruhe ta daga la'asar zuwa magariba. Na ce tun can mi ya hana ta faɗi? Ta ce wa ya saurare ta, kowa na ta kumburi.

Mai gida ya hita da kanshi ya gaya ma direbobi sabon kodinsu. Ni kuwa na dama kunu na shiga wurin Na'inna. Ta karɓi kwano, ta sa anka saka mata kodi, sannan ta ce, "Da kin gaya mini don wa ne, da ni da kaina zan ɗauki muciya in kori direbobin."

Na ce don Gwaggo ne.

"Awo. Don Gwaggo." Ta kama hannuna ta matse. Na ce na bar tukunya bisa wuta.

Talata, 29 ga Agusta, bayan azahar

Tunda namu ya gyaru, nasu ne ke da ciwo. Na sa Bushira ta aika ma Abdoulrazak saƙon murya, wai daga Gwaggo. Su daina kira daga ƙuryar ɗaki. Su matso da gado kusa da taga. Su kashe salulolin gidan in za su kira. Su duba ko maƙwabta na sha musu. Bushira na faɗi ina ƙara mata, har ta ce, "Mama, karɓi ki faɗi da bakinki mana." Na ce ta kiyaye ni.

Ya amsa da ladabi, "To, Inna, za a yi." Yau ma allo baƙi.

Laraba, 30 ga Agusta

Ba ni iya zama, ba ni iya tsayuwa. Na wanke kwanonin kabad duka, masu tsabta ne ma.

Juma'a, 1 ga Satumba, da marece

Dole in rubuta wanga.

An zo an ɗauki Gwaggo zuwa bukin suna bayan kasuwa, ta manta salularta bisa tabarma. Bushira na shago, mai gida bai dawo ba. Ni kaɗai da kaji. Sai ta hau ƙara. Na dube ta, na dubi ƙofa. Ba kowa da zan ji kunyarshi. Na ɗauka.

Baƙi, kamar kullum.

"Inna?"

Na ce ba ita ba ce.

Ina jin numfashinta. "Yaya?"

Ban taɓa riƙe salular nan kusa da idona ba, kullum daga bakin ƙofa nike hange. Yau na ga baƙin ba baƙi ba ne sosai. Ja-ja ne, da ɗan haske a bakinshi, shina motsi kaɗan kaɗan. Na san wanga launi. Haka hannu yake in ka tare hitila da shi.

Na ce, "Ɗauke yatsanki."

Yatsa bai gusa ba.

"Ɗauke yatsanki daga idon salula."

Ta ce, a hankali, "Ba ni so Inna ta gani. Jininta hawa yake yi. Tun ranar da hoto ya fara hitowa da kyau na ce ma Abdoul shi ce rezo ne."

Ashe gyarana ne ya sa ta ɓuya. Ina nan ina faɗa da unguwa, ina hawa kujera ina shafa akwati, yarinya na can ta ɗora yatsa ɗaya.

Na ce, "Ba Inna ba ce. Ni ce. Ɗauke."

Ta ɗauke.

Ba ta sa ɗankwali ba. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Hoto bai tsaya ba ko kaɗan, zobe bai zo ba, na roƙi Allah shi zo in samu in haɗiye miyau, bai zo ba. Ta dube ni, na dube ta. Tun da ta yi wayo ba mu taɓa kallon juna haka ba.

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Yaya, ashe kin yi hurhura."

Duk maganar da na tara, abin da ya hito bakina shi ne, "Kin ci wani abu?"

Ta ce ba ya zama.

Asabar, 2 ga Satumba, da sahe

Na gaya musu za ni Gaya. Gwaggo ta saki carbi.

"Ke? Uwar fari ta kwashi ƙafa ta tahi jinya gidan surukai? Mutane su ce mi? Ni ce uwarta, ni za ni."

Na ce da waɗanne gwiwoyi za ta shiga jirgi, ita da ko dokin ƙofa sai an kama ta. Na ce mutane su ce abin da sunka ga dama, su ƙara da gishiri. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau.

Ta dube ni. Can ta ce, "Kin gan ta ke nan."

Ta juya ma bango, kafaɗunta na rawa. Da ta juyo sai ta ce in buɗe akwatinta in ɗauki zanen nan mai laushi, da man kaɗanya, yarinyar ba ta son mai ƙamshi.

Mai gida bai ce in tahi ba, bai ce kada in tahi ba. Ya hita, ya dawo ya ce ya yi magana da wani mai jirgi da ya sani, mutum ne mai hankali, ba ya cika kaya. Gobe bayan asuba.

Asabar, bayan la'asar

Bushira na ta koya mini yadda zan kira su daga can. Ba abin da ya shiga kaina. Na ce ta bar ma Na'inna ƙofar gida gaba ɗaya, ta daina ruhe ta baƙi. Ta rungume ni ta baya tana kuka, ƙatuwar banza, na ce ta sake ni in ɗaure kaya.

Tsoron ruwan nan nike ji, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 4 ga Satumba, Gaya, da hantsi

Na iso jiya. Ruwa ya jiƙa ni har ƙugu, takalmi ɗaya ya tahi. Uwar Abdoulrazak ta gan ni bakin ƙofa ta riƙe baki, sannan ta kauce ta ba ni hanya.

Gado na kusa da taga. Sun matso da shi yadda na ce.

Yau da sahe na ce a ɗora ruwa. Matan gidan sunka ce su ke yi mata, na ce yau sun huta, na tura ƙofa. Na ɗaga ta na zamnar bisa kujera 'yar tsugunne. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta sunkuyar da kai tana ƙoƙarin ruhe jikinta da hannu, na ce ta bari, ba baƙuwa ba ce ke nan. Na fara daga kai, a hankali, da tahin hannu, don soso na yi mata zahi. Bayan kunne, wuya, kafaɗa. Ta jingina da ƙirjina, rigata ta jiƙe.

Ta ce, "Yaya, kin iya."

Na ce, "Na taɓa yi."

Sai na ji ta kama bakin zanena ta riƙe. Ta ce kada in gama da wuri.

Ruwan ya huce. Na leƙa na ce su ɗumamo wani.